Daga Barkin Sale Zuwa Ƙarƙashin Ruwa: Yadda Ake Mayar wa Hoto Launinsa

Duk wanda ya san Jihar Neja ya san ƙasar ruwa ce. Ga kogin Kwara da madatsunsa na Kainji da Jebba, ga kogin Kaduna wanda aka datse a Shiroro, ga kuma ruwan Gurara da ke zubowa daga kan duwatsu a gefen hanyar Minna zuwa Suleja. Amma in mutum ya shiga Barkin Sale, wata unguwa mai cunkoson jama'a a Minna wadda ba ta da nisa da Kpakungu, ba zai ga alamar wannan arziki ba, sai dai 'yan garuwa suna tura kura cike da jarkoki. Duk da haka a nan ne, cikin wani ɗan shagon ɗaukar hoto, na ga ƙarƙashin ruwan jihar a fuskar kwamfuta.

Mai shagon saurayi ne wanda abincinsa ke fitowa daga hotunan biki da na fasfo. Yana da wata 'yar kyamara mai suna GoPro wadda ruwa ba ya yi mata lahani, kuma da ita yake ɗaukar wa masu kiwon kifi hotunan tafkunansu, wani lokaci kuma ya bi 'yan yawon buɗe ido zuwa Gurara. Hoton farko da ya nuna mini na karfasa ne, amma in ba an faɗa maka ba sai ka rantse an tsoma takardar cikin miyar kuka. Kifi kore, hannun mai kifi kore, jan bokitin da ke gefe ya koma baƙi-baƙi.

To, ina jan ya tafi? Masana sun ce hasken rana da muke gani fari, haɗin launuka ne, kuma ruwa ba ya barinsu su wuce bai ɗaya. Ja ne yake fara shanyewa, ta yadda a zurfin wajen mita 5 da ƙyar ake ganinsa. Sa'an nan ruwan goro ya bi, rawaya ta biyo baya, shuɗi ne kaɗai ke jurewa har can ƙasa. Wannan a teku mai garau ke nan. Ruwanmu na koguna da tafkuna kuwa yana ɗauke da laka da gansakuka, shi ya sa hotonsa ke rinjaya zuwa kore ko ƙasa-ƙasa. In kuma aka kunna fitilar kyamara, hasken ya bugi ƙurar da ke yawo cikin ruwan, sai hoto ya fito da ɗige-ɗige kamar an ɗauke shi cikin hazo.

Wannan matsala ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Cikin 1926, wani masanin kifi mai suna William Longley da wani mai ɗaukar hoto, Charles Martin, suka yi nasarar ɗaukar hoto mai launi a ƙarƙashin teku kusa da Florida ta Amurka. Sai da suka tayar da garin maganiziyam a kan wani dandamali bisa ruwa, haskensa ya ratsa ƙasa, kafin launin kifin ya kamu. Abin da ya ci musu wuta da kasada, yau yaro yana yinsa a zaune, fanka na kaɗa shi, muddin akwai lantarki. Wannan sharaɗi kuwa ba ƙarami ba ne, ko da yake Shiroro na nan kusa.

Ga yadda aikin yake. Kowane hoton zamani launi uku ne aka jera: ja da kore da shuɗi. Mai gyara yakan buɗe hoton a manhajar Lightroom ko Photoshop, ya nemi wani abu wanda ya tabbata fari ne ko ruwan toka, watau kamar cikin kifi ko farin faranti da aka nutsa da shi da gangan, ya shaida wa na'ura cewa wannan shi ne fari. Nan take sauran launuka su daidaita a kansa. Daga nan ya ƙara ƙarfin ja, ya rage koren da ɗan launin shunayya, ya kore hazon. A gabana karfasar nan ta dawo da ƙyallinta, bokiti ya zama ja. Amma fa akwai iyaka: in jan bai shiga kyamara ba sam, babu abin da za a tayar, ƙara shi sai ya jawo dabbare-dabbare. Saboda haka ne gwanaye ke matsawa dab da abin da za su ɗauka, su kuma zaɓi tsakar rana. Cikin 2019 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Haifa, Derya Akkaynak da Tali Treibitz, suka fito da wata dabara mai suna Sea-thru, wadda ke auna nisan kowane abu daga kyamara ta lissafa launin da ruwa ya cinye masa.

Inda na ɗan ja da baya shi ne nan. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, launinsa ma haka. Koren da ya yi yawa a tafkin kifi labari ne ga malamin gona, jan laka a rafi kuma yana iya zama shaidar masu wankin zinariya da ke sama, sana'ar da ta yaɗu a sassan jihar. Hannun da ya mayar wa kifi launinsa, shi ne zai iya wanke gurɓataccen ruwa ya mai da shi kamar na Zamzam, a nuna wa mai saye ko jami'in hukuma. A ganina hoton da za a kafa hujja da shi, tilas a ajiye na asalinsa kusa da gyararren, kuma jarida ta faɗa wa mai karatu wanne ta buga.

Saurayin ya ce shi ba ya share na asali, don masu kiwon kifi kan dawo su nema idan kifi ya fara mutuwa. Da damina ba ya ma wahalar da kansa zuwa Gurara, domin ruwan yakan zama kamar kunun kanwa. Sai wajen Janairu, lokacin da laka ta kwanta, yake ɗaukar kyamararsa ya nufi tasha.