Mahaifina Direban Tanka Ne

Idan ranar ziyara ta zo, iyayen yara sukan shigo makarantarmu da kwanonin abinci, sanye da manyan riguna. Ni kuwa sau ɗaya tak mahaifina ya taɓa zuwa tun da na shigo aji ɗaya, ran nan ma bai kai minti ashirin ba, domin ya bar mota a bakin titi da lita 45,000 na fetur a bayanta, ƙaren motarsa yana gadi. Na ji haushi ƙwarai a lokacin. Sai daga baya na tuna cewa da ya zauna bisa benci ya cire takalmi, ƙafafunsa a kumbure suke, idanunsa kuma jajur.

Aikinsa shi ne ɗauko mai daga Ikko zuwa Kano, tafiyar da ta fi kilomita dubu. Yakan bi ta Badun, ya wuce Ilori, ya haye gadar Jebba, ya faɗa Mokwa, sa'an nan ya miƙo arewa. Wanda ya dubi taswira zai ce kwana biyu sun isa. Amma kafin a yi masa lodi yakan yi kwana uku ko huɗu a layi, yana kwana a cikin kan mota, sauro na cizo, ga warin mai ba dare ba rana. In ya taso kuma, ga ramuka, ga tsoron ɓarayi, ga mai mota yana ta bugo waya yana tambaya ina aka kai. In an auna mai aka tarar ya ragu, daga kuɗinsa ake cirewa. Saboda haka ko ya tsaya a Tafa don ya huta, kunnensa yana kan motar.

Abincinsa a hanya shayi ne da burodi, sai goro. Yakan ce goro ne ke riƙe masa ido. Waɗansu abokan aikinsa ƙwaya suke sha, irin su tiramol, wai don kada su ji gajiya. Baba ya ce shi bai taɓa sa ta a bakinsa ba, na kuwa yarda da shi, amma ya faɗa mini cewa ya taɓa yin gyangyaɗi a kan sitiyari kusa da Tegina, sai ihun yaron motarsa ne ya farkar da shi.

A daren Talata, 15 ga Oktoba, 2024, wata tanka ta faɗi a garin Majiya, cikin Ƙaramar Hukumar Taura ta Jihar Jigawa. Mutane suka taru suna kwasar mai, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Mu a nan ba a barinmu da waya. Da safe ne muka ji labarin a rediyon malamin da ke kula da ɗakin kwananmu. Na san Baba yakan kai mai hanyar Haɗeja wani lokaci. Ban iya shan kokon safe ba. Na je wurin malamin ina rawar jiki, ya ba ni wayarsa, na kira sau uku ba a ɗauka ba. A na huɗu ne na ji muryar Baba yana cewa, “Ina Ilori, ɗan boko, koma aji.”

Da aka ba mu hutu na tarar da shi a gida, sai na ga ba ya iya barci. Yakan tashi tsakar dare ya zauna a zaure shi kaɗai. Inna ta ce tun abin Majiya yake haka, kuma abu kaɗan sai ya yi faɗa, shi da ba mu san shi da faɗa ba. Da aka sake yin irin wannan gobara a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja a watan Janairu na 2025, hanyar da shi kansa yakan bi wani lokaci, sai abin ya ƙaru. Mutane suna ta zagin direbobin tanka a majalisa, wai su ne masu kashe jama'a. Baba yana jinsu, bai ce uffan ba. Ni a ganina akwai direbobi masu ganganci, amma wanda bai runtsa ba kwana biyu, ko ya fi kowa hankali, hannunsa ba zai bi umarninsa ba.

Malaminmu na kimiyya ya koya mana cewa babba yana bukatar barcin awa bakwai ko fiye, kuma hawan jini yakan daɗe a jikin mutum bai sani ba. Da wannan na matsa wa Baba har muka je asibiti. Ya tafi ne don kawai in bar shi ya huta. Ma'aikaciyar jinya ta auna shi sau biyu, ta ce 170 bisa 100, alhali daga 140 bisa 90 an shiga hawan jini. Aka ba shi magani, aka ce ya rage gishiri da goro, ya riƙa tsayawa yana miƙe ƙafa. Likita ya tambaye shi batun barci, sai Baba ya sunkuyar da kai ya ce in ya rufe ido wuta yake gani. Ban taɓa jin ya faɗa wa kowa haka ba, har Inna.

A hanyar gida na ce masa, “Baba, ka bar aikin nan mana.” Ya yi dariya ya ce, “To, wa zai sayi littattafanka, wa zai ciyar da ƙannenka biyar?” Na rasa abin cewa.

Har yanzu yana tuƙi. Inna ta ɗinka masa 'yar jaka ta magani, ya rataye ta kusa da madubin mota, na kuma roƙi yaron motarsa ya riƙa tuna masa kowace safiya bayan sallar asuba. Ya yi mini alkawari zai zo ranar ziyara ta wannan zango, in lodi bai riƙe shi a Ikko ba.