Gyara Kayanka Ba Ya Zama Sauke Mu Raba

A tsawon shekarun da na yi ina koyar da tarken adabi, babu tambayar da ɗalibai suka fi tare ni da ita bayan an tashi daga aji kamar wannan: "Malam, na rubuta labari, wa zan ba ya duba mini?" A da amsata gajera ce. Nakan ce su nemi ƙungiyar marubuta su shiga, su riƙa karanta wa juna abin da suka rubuta. Har yanzu ban janye wannan shawara ba, sai dai na gane cewa rabin magana nake ba su. Sauran rabin a bakin wata kasuwa ta birnin Abijan na tsince shi, kuma ban tsince shi cikin daɗin rai ba.

Ni kaina ina cikin wani zaman marubuta. Mu takwas ne, mukan haɗu ranar Asabar ɗin ƙarshen kowane wata a wani ajin makaranta da ake ara mana. Akwai malaman sakandare biyu, da ma'aikaciyar jinya, da mai shagon buga takardu, sauran kuma ɗalibai ne. Ni kaɗai ake kira Dokta. Na shafe kusan shekara biyu ina kai musu babi-babi na wani dogon labari da nake rubutawa a kan wani falken albasa, ɗan ƙasar Adar ta Nijar, wanda neman abinci ya kai shi Kwaddibuwa. Duk ranar da na karanta, abin da nake ji bai wuce "Dokta, ai ba a cewa komai" da "Allah ya ƙara basira" ba. Ni kuma na riƙa karɓar yabon nan kamar hakkina ne aka biya ni.

Ana nan sai wani taron ƙara wa juna sani ya kai ni Abijan. Na sauka a unguwar Treichville, inda Hausawa ke da yawa, har ma na ci abincin nan da suke kira garba, wato dambun rogo da soyayyen kifi, wanda ake cewa daga sunan Hausawan Nijar masu sayar da shi ya samo suna. Da aka gama taro, wani da muka saba da shi a masallacin unguwar ya ce zai kai ni Ajame in ga masu albasa da idona. Muka haye gada, muka ratsa tsakiyar birni, muka faɗa cikin cunkoson ƙananan bas-bas da suke kira gbaka, har muka isa Kasuwar Guro.

Bahaushe in ya ji sunan zai zaci kasuwar goro ce. Sunan wata al'umma ce ta tsakiyar yammacin ƙasar, wajen garuruwan Zuénoula da Bouaflé, wadda masanin nan Bafaranshe Claude Meillassoux ya wallafa littafi a kan tattalin arzikinta a 1964. Matan Guro ne suka kafa kasuwar tun cikin shekarun 1970, kuma cikin ƙungiyoyin gama-kai suke tafiyar da ita. Sukan haɗa ƙarfi su ɗauko kayan gona daga ƙauyuka a manyan motoci: ayaba, da doya, da rogo, da tumatir, da barkono, da yalo, da kuɓewa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne aikin da ake yi tsakanin saukar kaya da fara ciniki. Ana zazzage kwando a ƙasa, a zauna a kewaye shi, a tsince wanda ya lalace, a ware manya da ƙanana. Mai saye ba ya ganin kaya sai idanun abokan sana'a sun riga sun bi ta kansu.

Ba da nisa ba muka tarar da masu albasa, mutanen Tawa da Galmi, zaune a gindin buhuna. Bayan gaisuwa da shayi, abokin tafiyata ya shaida musu cewa ina rubuta littafi a kan sana'arsu. Wani dattijo ya ce to a karanta musu su ji. Na ciro wayata, na zaɓi babin da nake ganin ya fi kowanne kyau, na shiga karatu da muryar aji. Ban kai ƙarshen shafi na uku ba dattijon ya ɗaga hannu.

"Malam, wanga mutum naka ɗan ina na?"

"Ɗan Tawa ne, Alhaji."

"A'a. Wanga Bakano na."

Aka yi dariya, ni ma na yi ta yaƙe. Daga nan suka shiga feɗe babin ba tare da sun san sunan abin da suke yi ba. Mutumin Adar, in ji su, ba zai ce "da muka zo" ba, "da munka zo" zai ce. Ba ya cewa "yana nan", sai "shina nan". Ba ya cewa "biyar", sai "biyat". Wani matashi ya ce jarumin nawa yana lissafi da "sefa dubu biyar", alhali su "jikka biyat" suke cewa, domin a wajensu jikka ita ce sefa 1,000, dala kuma sefa 5. Inda na rubuta "kwastan", su "duwan" suka sani. Wani kuma ya ce na sa an sauke albasa daga mota an fara sayarwa nan take, abin da ba ya yiwuwa ga kayan da suka kwana suka tashi a hanya, daga Galmi su bi ta Yamai, su ratsa Burkina Faso, su gangaro bakin teku. Dole a buɗe buhu a tsince, in ba haka ba ruɓaɓɓiya guda ta ja 'yan'uwanta.

Duk waɗannan ana iya gyara su da alƙalami cikin mako guda. Maganar da ta karya ni ita ce ta ƙarshe. A labarina, kayan falken sun ruɓe gaba ɗaya, ya rasa jari, ya rasa wurin kwana, ya yi ta gararamba a birni shi kaɗai. A kan wannan kaɗaici na gina kusan kashi ɗaya cikin uku na littafin. Dattijon ya dube ni ya ce, "Mutumin naka maraya na? Ba shi da maigida?" Ya bayyana mini cewa falke ba ya sauka gari sai a hannun maigida, wanda ke ba shi masauki, ya nemo masa masu saye, ya tsaya masa kan bashi. Wanda ya karye, mutanen garinsu ba sa barin sa ya kwana a titi. Na san da wannan tsari a takarda, domin duk mai nazarin fataucin Hausawa ya karanta shi, amma da na zo ƙaga labari sai na manta da shi, don kaɗaici ya fi ba ni damar zuba kalmomi masu ban tausayi.

Da na dawo gida na ba zamanmu labari. A nan ne na ji abin da ya fi na Abijan ciwo. Ma'aikaciyar jinyar nan, wadda a Illela ta tashi, kusa da iyakar Ƙonni, ta sunkuyar da kai ta ce, "Wallahi Dokta tun babin farko na ji Hausar ba tamu ba ce, amma na ji nauyin in faɗa." Ashe shekara biyu ina zaune da wadda ta san amsar, digirina ya rufe mata baki. Ban ga laifinta ba. Tarbiyyarmu ta koya mana kunya da girmama na gaba, kuma abubuwa ne masu kyau a zaure da wurin biki. A zaman duba rubutu kuwa, in ba a yi musu iyaka ba, su ne ke mayar da taro dandalin yabon juna.

Haɗuwar marubuta ba baƙon abu ba ne a adabinmu. Littattafan zube na farko da suka fito daga gasar 1933, irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, sun bi ta hannun edita guda ne, Rupert East na hukumar fassara da talifi ta Zariya, wato gyara ne daga sama zuwa ƙasa. Daga baya mawaƙa suka kafa nasu zaman na tsara da tsara, kamar Hausa Fasaha ta su Aƙilu Aliyu da Hikima Kulob ta Mudi Sipikin a Kano, wadda Graham Furniss ya yi nazari a kanta. Da guguwar littattafan soyayya ta taso a ƙarshen shekarun 1980, sai ga Raina Kama ta su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba, ga kuma Kukan Kurciya. Waɗannan ƙungiyoyi sun tallafi juna wajen ɗab'i da rarraba littafi a lokacin da manyan kamfanoni suka ja baya. Amma tarke mafi zafi da adabin ya sha a shafukan jarida ya zo, a muhawarar Adabin Kasuwar Kano ta shekarun 1990, inda Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme suka yi ta musayar alƙalami. Muhawarar ta amfani manazarta ƙwarai. Ga marubucin da littafinsa ya riga ya shiga kasuwa kuwa, ihu ne bayan hari. Aikin zaman marubuta shi ne ya jawo wannan zafin ya faɗo kafin a kai wa maɗaba'a.

Wasu ƙasashe ma sun yi fama da batun. A Oxford ta Ingila, J.R.R. Tolkien ya riƙa karanta wa C.S. Lewis da abokansu babi-babin aikinsa tun kafin a buga. A Ibadan, ƙungiyar Mbari da aka kafa a 1961 ta haɗa su Wole Soyinka da Christopher Okigbo da J.P. Clark. A Jami'ar Iowa ta Amurka, inda aka fara shirin horar da marubuta a 1936, an san su da al'adar mai rubutu ya yi shiru yayin da ake tattauna aikinsa.

Mun ari wannan al'ada ta shiru, muka ƙara namu sharuɗɗa. Muƙami a bakin ƙofa ake ajiye shi. A ciki ni Malam ne kamar kowa, kuma ni ne na ƙarshe da ke magana kan aikin wani, don kada ra'ayina ya zama na kowa. Ba a karɓar "ya yi kyau" ko "bai yi ba" sai an nuna shafi da layi da dalili. Wanda bai taɓa kawo nasa rubutu an duba ba, ba ya sa baki a na wani, kamar dai adashi, sai mai zubi ke kwasa. Mun kuma yarda cewa sanin zamanmu yana da iyaka: in labari ya shafi wata sana'a ko wani karin harshe, sai an kai shi gaban masu abin an karanta musu da baki. Bayan duk wannan, hukunci na mai rubutu ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ni kaina ban mayar da littafin Adaranci gaba ɗaya ba. Na bar muryar mai ba da labari a daidaitacciyar Hausa, na mayar wa taurarin da harshensu a cikin zance.

Sauyin bai zo kyauta ba. Mutum biyu sun daina zuwa, ɗayansu bayan an shaida masa cewa waƙarsa ta karye a ƙafiya, kuma har yau gaisuwarmu da shi ba ta koma yadda take ba. Littafina da na sa ran fitarwa tuntuni yana nan a kwamfuta, na rushe babi biyar ina sake gini.

Saboda haka, ɗalibin da ya tambaye ni yanzu wa zai duba masa labari, nakan ce ya shiga ƙungiya, sannan ya lura da zama uku na farko. In bai ji an gaya wa wanda ya fi kowa girma a wurin cewa ga inda ya kuskure ba, to ya riƙe su abokan hira, ya nemi masu duba rubutu a wani wuri. A zamanmu na watan jiya na karanta sabon babin da maigidan falken ya shigo ciki. Ma'aikaciyar jinyar ta bari na kai aya, sannan ta ce, "Malam, shafi na huɗu, wannan dattijon ya cika surutu. Maigida ba ya yawan magana gaban baƙonsa." Na ɗauki biro na ja layi a ƙarƙashin wurin.