Hanyar Sayi, daga Hausa zuwa Gurma

Kowace safiya, idan na fito daga gidana na Kirkisoye zan tafi aiki, nakan hau titin da takardun gwamnati suke kira hanyar ƙasa mai lamba 27. Ban taɓa jin direba ko mai sayar da kankana a bakin titin ya ambaci wannan lamba ba. Kowa hanyar Sayi yake cewa. Na shekara goma ina bin ta kafin in tambayi kaina inda ta faro, amsar da na samu kuwa ta saɓa wa abin da na taso da shi.

Ga wanda ya taso daga tsakiyar Yamai, tafiyar tana somawa ne daga kadarkon Kennedy, mai tsawon kimanin mita 700 a kan kogin Isa. Da ka sauka ka shiga Harobanda, wato "bayan ruwa" da Zabarmanci. Jami'ar Abdu Mumuni da unguwar Lamorde suna hannunka na dama. Can gaba kaɗan hanya ta rabu biyu: ɗaya ta nufi Torodi da iyakar Burkina Faso, ɗayar ta karkata kudu. Ita ce tamu. Takan ratsa Kirkisoye da Sagiya, ta hau tudun marmara kusa da tashar lantarki ta Goru Banda, gidaje su yi ta raguwa har su bar wa gonaki da saura fili. Bayan kilomita kamar 55 ta isa Sayi, daga nan ta zarce Tamu, har Tapowa, ƙofar gandun dajin W.

Akwai abin da ya kamata ɗalibin Hausa ya riƙe a nan. A bakin mutanen kogi, Zabarmawa da Sanwai, gaɓar hagu sunanta Hausa, gaɓar dama kuma Gurma. Ke nan wanda ya hau kadarkon nan daga gari ya bar Hausa ya shiga Gurma, ko da kuwa bai jin kalma ɗaya ta Hausa. Ni da nake koyar da harshen a gaɓar dama, sai in na haye zuwa kasuwa nake komawa "Hausa".

A da na ɗauka Yamai ce kan hanyar, Sayi kuwa wutsiya. Tarihi bai yarda ba. A wajajen 1825 Alfa Mahaman Jobbo ya zauna a Sayi, garin ya zama matattarar malamai da almajirai, kuma mashigin fatake masu fitowa daga ƙasashen Sakkwato da Gwandu. A nan matafiyin Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ƙetare kogin a watan Yuni na 1853, kan hanyarsa ta zuwa Tumbutu. A lokacin Yamai ƴan ƙauyuka ce a bakin ruwa. Sai a 1926 Faransawa suka ɗauko hedikwatar mulkinsu daga Damagaram suka kawo nan, Sayi ta fara kallon arewa. Hanyar ba ta gusa ba, alƙiblarta ce ta juya.

Duk da haka ruwa ya ci gaba da raba tsakani har tsawon shekara 44. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ɗan koli ne, kuma yakan ba mu labarin yadda yake sammako da kayansa ya jira jirgin fito. In ya makara, ko injin ya ƙi tashi, sai kwalekwale, ko kuwa a haƙura da cin kasuwar ranar. Da aka buɗe kadarkon a 1970, da kuɗin Amurka, sai abin da ke cin rabin yini ya koma ƴan mintoci. Jami'a ta kafu a ƙetare, ma'aikata suka bi ta, masu neman fili mai araha suka bi ma'aikata. Gonakin gero da rugagen Fulani suka zama unguwanni. A 1986 Jami'ar Musulunci ta buɗe a Sayi, hanyar ta samu makaranta a kowane kai.

Ranar 9 ga Fabrairu, 1990, ina ɗan firamare, aka sallame mu tun hantsi bai gama dubawa ba. Ɗalibai ne suka taso daga jami'a za su shiga gari da koke-kokensu, aka tare su a kan kadarkon, aka yi harbi, uku suka rasu. Shekara ɗaya da rabi bayan haka aka buɗe taron ƙasa na 1991. Ɗalibaina na yau suna haye wurin bisa babura suna duba waya, ni kuwa har yanzu nakan kashe rediyon mota in na kai tsakiya.

Ni ma arahar fili ce ta kawo ni Gurma, kuma na biya cikon kuɗin a daminar 2020, lokacin da kogi ya fi ƙarfin shingen da ke tare shi. Da dare ruwa ya shigo mana. Muka kwashi yara da abin da hannu ya iya ɗauka muka hau bakin titi, domin ya fi unguwa tudu. A nan muka ga fitowar rana tare da maƙwabta, kowa zaune bisa ƙunshinsa. Littattafan da na tara tun ina rubuta kundin digirina na uku suna can ƙasa cikin laka. Titin da ya jawo mu cikin kwari shi ya tsamo mu daga ciki, har yau ban san ko godiya zan yi masa ba ko ƙorafi.

Yanzu an ƙara kadarko biyu, ɗaya a 2011, ɗaya a 2021, ƙetarewa ta ƙara sauƙi, gari yana ta malala kudu. Amma daga can ƙarshenta hanyar gajercewa take yi. Ina yaro an taɓa kai mu Tapowa kallon giwaye. Yau rashin tsaro ya sa ko manya ba su yin wannan tafiya don nishaɗi. Ina da ɗalibi ɗan yankin Tamu da ya yi hutu uku a jere a ɗakin kwanan jami'a, alhali gidansu bai kai tafiyar rabin yini ba. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara, shi kuwa ba nisa ne ya hana shi ba.

Makon jiya ƙaramar ƴata ta ga allon da ke nuna Sayi, ta tambaye ni ko a can titinmu ya ƙare. Na ce mata daga can ya faro. Na yi mata alkawarin ranar wata Juma'a za mu je ta ga mashigin da fatake suke ƙetarewa, mu yi sallar la'asar a can, mu juyo kafin rana ta faɗi.