Abincin Talaka A Teburin Masu Hali: Wani Dare A Birnin Meksiko

A cikin watan Nuwamba na shekarar 2024 aiki ya kai ni Birnin Meksiko, birnin da ke zaune a kan tudu mai tsawon mita 2,240 daga bakin teku, inda baƙo kan yi haki kafin ya gama hawa bene ɗaya. Ana jibi zan taso, sai wani ɗan jarida na can, wanda ya zame mini mai masauki, ya ce ba zan bar ƙasarsu ba sai na ci abinci a Pujol, wani gidan cin abinci da ke unguwar attajirai ta Polanco. Ashe tun makonni kafin zuwana ya kama mana wuri, domin ba a faɗa wa gidan haka kawai.

Wani kuku mai suna Enrique Olvera ne ya buɗe gidan a shekarar 2000, kuma a 2024 masu littafin Michelin, waɗanda ke auna darajar gidajen abinci, suka ba shi taurari biyu. Tsarinsu kuwa shi ne, ana jero wa mutum abinci kashi-kashi, kowane kashi bai fi loma uku ko huɗu ba, har dare ya yi nisa. Kafin a fara sai da ma'aikacin gidan ya tambaye ni abin da ba na ci. Na ce alade da giya, ya rubuta, sa'an nan hankalina ya kwanta.

Abin da aka fara kawowa ɗan duma ne, hayaƙi na fita daga bakinsa. Da aka buɗe sai ga 'yan ƙananan masara waɗanda ba su ƙosa ba, an turara su, an shafe su da wani haɗi na gahawa da barkono da garin tururuwa. I, mai karatu, tururuwa! Sunanta cikatana, wata babba ce mai fiffike wadda ke fitowa da ruwan farko a jihar Oaxaca, yara da mata su bi ta suna tsinta, kamar dai yadda muke bin shinge da farkon damina. Na ɗan yi jim, na kai baki. Ɗanɗanon ya fi kama da soyayyar gyaɗa da ta sha hayaƙi.

Sauran kashin suka biyo baya, da kifi da ganyaye, sai kuma aka zo kan abin da ya fitar da sunan gidan, wato miyar da suke kira mole madre, ma'ana uwar miya. Tukunya ɗaya ce aka ɗora tun shekarar 2013. Ba a taɓa barinta ta ƙare ba, sai dai a ɗumama ta, a ƙara mata sabon haɗi na barkono iri-iri da cakulan da kirfa da 'ya'yan itatuwan da ke yayi. A farantin an shimfiɗa tsohuwar, baƙa ƙirin, an ɗiga sabuwa ja a tsakiyarta. Babu nama ko tsoka ɗaya. Sai 'yar gurasar masara mai zafi da suke kira tortiya, da ita ake dangwala. Sabuwar tana da kaifi da yaji, tsohuwar kuwa ta kwanta, ɗacinta da zaƙinta sun saje, ba ka iya raba wannan da wancan.

Ita wannan gurasa ta cancanci a tsaya a kanta. A kudancin Meksiko aka fara noman masara, kimanin shekara 9,000 da suka wuce, daga can ta bazu har ta iso gonakinmu, ita da barkono da tumatir. Mutanen ƙasar kan dafa ƙwayar a ruwan farar ƙasa ko toka kafin su niƙa, abin da ke sakin wani sinadari mai amfani ga jiki. Da masara ta haye Turai da Afirka ba tare da wannan dabara ba, sai wata cuta mai lalata fata da kawo gudawa ta addabi talakawan da suka dogara da ita kaɗai.

Da aka kawo takardar kuɗi na saci kallo, gabana ya faɗi, domin rabon mutum ɗaya ya ninka albashin wata na ƙaramin ma'aikaci a gida. Na ce da mai masaukina, shin ba almubazzaranci ba ne a biya wannan kuɗi a kan masara da tururuwa? Ya yi dariya, ya ce a zamanin iyayensa duk mai hali abincin Faransa yake nema in zai fita kunyar baƙo, na gida kuwa a bar wa 'yan aiki. Yanzu ga shi Faransawan ke layi.

Washegari na tsaya wurin wata dattijuwa a bakin titi, tana tafa tortiya da tafin hannu tana jefawa a kan kasko. Na ci uku da 'yan canji, kuma a gaskiya ba su gaza na daren jiya ba. Ina taunawa ina tunanin yadda mukan ɓoye daddawa da miyar kuka in mun yi babban baƙo, mu aika a sayo masa shinkafar gwangwani da taliya.