Famfon Tamanrasset da kuɗin gwamnati

Akwai wani magini ɗan ƙasar Damagaram da ya daɗe yana ci-rani a Tamanrasset, babban birnin kudancin Aljeriya da ke gindin duwatsun Ahaggar. Bai taɓa jin sunan John Maynard Keynes ba, Baturen Ingila da ya yi bayani a littafinsa na 1936 cewa idan kasuwa ta mutu, 'yan kasuwa suka ɗaure bakin jaka, wajibi ne gwamnati ta kwance nata domin jama'a su sami aiki. Amma ya ga wannan magana da idonsa, ya kuma ci abinci da ita.

Aljeriya ta fito daga shekarun 1990 a galabaice, ga yaƙin cikin gida, ga tsuke bakin aljihu bisa sharuɗɗan Asusun Ba da Lamuni na Duniya. A 2000 kusan kashi 30 cikin 100 na masu neman aiki ba su da abin yi. Sai Shugaba Abdelaziz Bouteflika ya ƙaddamar da shirin farfaɗo da tattalin arziki a 2001, wasu suka biyo baya, har zuwa na 2010 zuwa 2014 da aka ware wa dala biliyan 286. Kuɗin mai da iskar gas aka zuba a hanyoyi da gidaje da makarantu. Kafin 2010 rashin aikin yi ya sauko zuwa kimanin kashi 10.

Rabon Tamanrasset mafi girma shi ne ruwa. A 2011 aka buɗe bututun da ya ɗauko ruwan ƙarƙashin ƙasa daga In Salah, tafiyar kusan kilomita 750 cikin Sahara, zuwa garin da a da yake zaman jiran motar tanka. A waɗannan shekaru maginin bai san zaman banza ba. Lada ta shiga hannunsa, ya biya mai shayi da mai burodi, mai burodi ya biya mai haya, mai haya ya kira wani magini ya ƙara ɗaki. Wannan zagayen kuɗi daga hannu zuwa hannu shi ne ƙashin bayan hujjar Keynes: dinari ɗaya na gwamnati yakan yi aikin fiye da ɗaya kafin ya kwanta.

Sai dai randar tana yoyo. Wani kaso na ladarsa yakan bi hanyar In Guezzam da Assamaka zuwa ga iyalinsa a Nijar. Wani kaso mafi tsoka na kuɗin ayyukan ya tafi ga kamfanonin waje da kayan da ake shigowa da su, domin ƙasar ba ta ƙera yawancin abin da take bukata. Kuɗin da ya ƙetare iyaka kuwa kasuwar wasu yake rayawa.

Babbar jarrabawa ta zo daga tsakiyar 2014, lokacin da gangar mai ta faɗo daga sama da dala 100 zuwa ƙasa da 30 a farkon 2016. A daidai lokacin da jama'a suka fi bukatar hannun gwamnati, sai hannun ya yi sanyi. Aka dakatar da ayyuka da dama, asusun ajiyar rarar kuɗin mai da aka kafa a 2000 ya ƙare a 2017, a shekarar kuma aka gyara doka domin babban banki ya buga wa gwamnati kuɗi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Aljeriya ta fafe nata, amma ta sha mafi yawan ruwan tun rana ba ta take ba.

Shin kashe kuɗin gwamnati yana tayar da tattalin arzikin da ya kwanta? Rayuwar wannan magini ta amsa da e, bisa sharaɗi biyu: a tanadi kuɗin a lokacin yalwa domin ranar ƙunci, a kuma zuba su a abin da zai ci gaba da amfani bayan an tashi daga aiki. Ladar waɗancan shekaru ta daɗe da ƙarewa a aljihunsa. Bututun In Salah kuwa yana nan, kuma da ruwansa yake kwaɓa siminti duk ranar da ya sami aiki.