Littafin Bashin Baba da Tsohuwar Kwamfuta

Mahaifina dillalin banda ne a Kasuwar Kifi ta Baga Road, a nan Maiduguri, yau shekara talatin da ɗoriya. Duk wanda ya san kasuwar nan ya san bashi ne ke riƙe da ita. Ana ba masuntan Doron Baga kuɗin koma da ƙugiya, su biya da tarwaɗa da karfasa in ruwa ya yi albarka, sa'an nan fatake su yi lodin kwalaye zuwa Anaca da Ikko, kuɗi ya biyo baya. Dukan wannan lissafi yana cikin wani littafi mai baƙin bango da Baba ke ajiyewa a gidanmu na Gwange.

Ran 10 ga Satumba 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, muka tsira da rayukanmu, alhamdu lillahi, amma littafin ya koma kamar kunu. Mutum biyu da Baba ke bi suka ce ai sun riga sun biya. Bai ce musu uffan ba, kuma shirun nan nasa ya fi mini zafi.

To, da yake ni ne na taɓa karatun kwamfuta a gidan, sai na kakkaɓe tsohuwar tawa mai ɗauke da Debian, watau wani reshe na Linux, wanda ya kwaikwayi tsarin Unix na 1969. Na ƙudura in kafa MediaWiki, manhajar da Wikipedia ke tafiya a kanta. Abokaina suka ce Excel ma ya isa. Ni kuwa abin da ya ja ni shi ne wiki ba ta mantuwa: kowane gyara aka yi wa shafi, tana riƙe da tsohon rubutun, da sunan mai gyaran, da rana da sa'a.

Debian tana da nata shiryayyen ƙunshi, amma na gwammace in sauko da na asali daga masu shi, don in san inda kome yake zaune. Na kwance shi da umarnin tar a inda Apache ke dubawa, na girka PHP, na buɗe masa rumbu a MariaDB. Shafin kafawa ya ƙi gaba, wai babu intl, wani ɓangaren PHP mai kula da harsuna. Na kawo shi. Da aka gama, ta ba ni LocalSettings.php, ni kuwa na bar shi inda ya sauka maimakon in kai shi cikin gidan manhajar. Dare biyu ina zargin kwamfuta, ashe laifin nawa ne.

Kowane masunci da kowane farke na buɗe masa shafinsa. Baba na zaune bisa tabarma bayan la'asar, yana faɗo sunaye da ka, ina rubutawa.

Ya ce, "Kai yaro, in ruwan ya dawo fa?"

Na ce, "Baba, kowace Jumma'a ina kwafe rumbun a filas biyu, ɗaya kuwa ina aika wa Yaya a Kano."

Ya gyaɗa kai. Duk da haka washegari sai da ya sayo sabon littafi mai baƙin bango.

Ranar da muka zo kan sunan wani masunci da ya rasu a harin Baga na Janairu 2015, na tambaye shi nawa zan sa. Ya daɗe yana jan carbi, sa'an nan ya ce, "Buɗe masa shafin. Ka rubuta an yafe."