Wanda Ajali Ya Riska a Teku

Mu 'yan tudu ne, shi ya sa zuciyata kan yi nauyi idan na tuna akwai mamacin da ruwa ne makwancinsa. Amma kakanninmu da suka bi ta ƙasa zuwa Makka, suka hau jirgin ruwa daga Suwakin ko Fot Sudan zuwa Jidda, sun san ajali ba ya jiran a kai gaɓa.

Malamai ba su bar maganar a buɗe ba. A Muhtasar na Halil, wanda ake karantawa a zaurukanmu, hukuncin a fili yake: idan ba a sa ran isa tudu kafin gawa ta canza, sai a sanya ta cikin teku. A yi mata wanka, a sa likkafani, a yi sallah, a kwantar da ita ta gefen dama tana fuskantar alƙibla, sannan a sauke ta a hankali. Sun saɓa kan abu guda: wasu sun ce a ɗaura mata nauyi ta nutse, wasu sun ce a bar ta, ko igiyar ruwa za ta kai ta inda za a binne ta.

Ni a nan nake ganin rahamar. An rufa wa mamaci asiri, abokan tafiyarsa ba su ga jikinsa ya lalace ba, an kuma tsare lafiyar waɗanda ke cunkushe cikin jirgin. Abin da ke ci mini rai shi ne iyalansa, da ba su da kabarin ziyarta. Idan kun san irinsu, ku gaya musu an yi wa nasu cikakkiyar sutura.